Ƙasar da Baba yake ɗebowa daga gindin fayin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai renon itatuwa ne a Jos, sana'ar da na gada kenan, kuma labarin da zan bayar akan fayin ne, itacen nan mai ganye siri-siri kamar tsintsiya wanda in iska ta kaɗa zakaji yana shuu kamar ruwa na tahowa daga nesa. Wasu suna ce mishi bishiyar Kirsimeti. Fayin na gaske shine mai yin ƙwallo mai ɓawo hawa-hawa kamar ƙaramar abarba ta bushe, irin yana ɓoye a ƙarƙashin kowane ɓawo da ɗan fiffikensa, in ƙwallon ya buɗe iska ta kwashe shi.

Babana, Allah ya jiƙansa, lebura ne a gandun daji, rayuwarsa kaf a cika ledar dashe da ƙasa da ban ruwa ta ƙare. Baiyi boko ba allo kawai yayi, amma in maganar dashe ce har malaman daji masu takardu wajensa suke zuwa su tsuguna. A zamaninsu gwamnati ta ɗauki fayin da muhimmanci sosai saboda zaren jikinsa dogo ne, shi akeso wajen yin takarda mai ƙwari, ga masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, shi yasa aka dinga shuka shi a nan saman dutsen Jos da Afaka kusa da Kaduna da can Mambila. Kuma itacen ba namu bane. Wanda yafi yawa a wajenmu masana suna kiransa Pinus caribaea, asalinsa tsakiyar nahiyar Amurka ne irinsu Honduras da Beliz da Nikaragwa da tsibiran Kuba da Bahamas. Jos ta karɓe shi ne don muna sama, wajen mita 1,200 daga teku, ga sanyi ga ruwan sama.

Abun da na taso ina gani, duk shekara kafin a fara cika leda Baba zai ɗauki buhu da 'yar fartanya yace in biyo shi, muyi tafiya har cikin tsohuwar gonar fayin, ya share busasshen ganyen da ya zube ya kankaro ƙasar sama-sama, ba ya haƙa da zurfi. Ƙasar baƙa ce da wani farin zare a cikinta kamar an yayyaga auduga, sai ya ɗebo a tafin hannu ya shinshina kafin ya zuba a buhu, in bata yi mishi ƙamshi ba mu matsa gaba. In mun dawo kowane kwanon sarki na ƙasar leda sai ya barbaɗa mata kaɗan ya cakuɗa. Na taɓa tambayarsa Baba wai miye amfanin wannan wahalar ga ƙasa nan ko'ina, yace min fayin maraya ne a ƙasar nan, in baka kawo mishi ƙasar gidansu ba bazai zauna ba. Iya bayanin kenan.

Amma akwai abun da ƙasar nan bata taɓa magance mishi ba. Fayin in ya fito daga ƙasa yana fitowa ne da ɓawon irin a kansa kamar hula, sak tsinken ashana, toh a wannan matakin ne sai ka wayi gari kaga sun kwanta layi-layi, wuyansu daidai inda ya taɓa ƙasa ya jiƙe ya yi siriri kamar an murɗe shi. Wasu ma basa kaiwa ga fitowa, a cikin ƙasa suke ruɓewa. Baba yana kiran abun faɗuwa, in ta zo sai ya tsince su ya zubar yace rabon ƙasa ne, shi yasa kullum yake shuka iri fiye da abun da ake buƙata. Su a lokacin iri daga ofis yake zuwa, ba daga aljihunsa ba.

Bayan rasuwarsa na buɗe nawa wurin reno, ɗan fili ne a bakin rafi, yawanci fulawa da mangwaro da turare da malaina nake yi don su ake saye. Fayin sai jefi-jefi. Wata shekara mutanen wani ƙauye suka zo, garinsu duk ramukan kuza ne da tarin jar ƙasa da 'yan haƙa suka bari tun zamanin Turawa, duk wanda ya san bayan Jos zuwa Bukuru zuwa Barikin Ladi ya san irin wurin da nake nufi, tudu ne tsirara ruwa yana zaizaye shi yana cike musu gonaki da yashi. Sun haɗa kuɗi suna son dashen fayin mai yawa su rufe tudun. Na karɓi kafin alƙalami, na sayi iri da tsada, na ɗauki yara biyu muka cika leda.

A nan nayi kuskuren da har yau yake min ciwo. Ina son abun yayi kyau sosai sai na zuba takin shanu da yawa na ƙara da toka, ga ruwa safe da yamma har ƙasar tana yin caɓi, a tunanina gata nake musu. Ashe fayin ƙasa mai ɗan tsami yake so, toka kuma tana kashe tsamin, ga taki ga laima, wato na shimfiɗa wa ciwon tabarma da hannuna. Kusan rabin irin bai fito ba, wanda ya fito cikin sati biyu faɗuwa ta bi ta kansa. Na sake sayen iri na sake shukawa a wuri ɗaya, haka ta sake faruwa. Na sayar da mashin ɗina na maida wa mutanen nan wani abu daga kuɗinsu, sauran na roƙe su su bani shekara ɗaya. Wallahi akwai daren da na zauna tsakiyar ledojin nan babu komai a cikinsu sai ƙasa, nayi kuka irin wanda rabona dashi tun ranar da muka kai Baba makwancinsa. Har na fara zargin ko baki ne ko wani ne ya min hannu, Allah ya yafe min.

Allah da ikonsa lokacin 'yar yayata tazo hutu, tana ajin ƙarshe a jami'a tana karanta ilimin ƙananan halittu. Ta biyo ni wurin reno da safe, ta tsuguna ta zaro ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta ta daɗe tana kallon wuyansa sai tace Kawu wannan ba baki bane, fumfuna ce. Ta lissafo min sunayensu, Fusarium da Pythium da Rhizoctonia, tace suna nan cikin ƙasa wasu ma a jikin irin suke zuwa, da iri ya sha ruwa ya fara kumbura yana fitar da wani ɗan zaƙi-zaƙi su kuma shi suke bi su same shi tun bai yi ƙwari ba. Sai tace tana neman abun da zata yi aikin kammalawa akai, in na yarda in kaita inda Kaka yake ɗebo ƙasa, zata nemo bakteriya a ciki mu shafa wa irin.

Nace mata 'yar nan kina cikin hankalinki kuwa, ciwo ya gama dani kuma kice in ƙara zuba ƙwayoyin cuta? Don mu a Hausa sunan da muka basu kenan gaba ɗaya, ƙwayoyin cuta, kaga tun daga sunan an riga an yanke musu hukunci. Bata yi gardama dani ba, muka koma gida ta shiga madafi ta ɗauko daddawa ta ɗora min a hannu tace Kawu wa yake nunar da wannan? Kalwa ce aka dafa aka rufe kwana biyu uku, wanda yake aikin a ciki har ta zama daddawa sunansa Bacillus subtilis, bakteriya ne, kuma tun kana yaro kake shan sa a miyar Inna. Ta ce kindirmo ma su ne, ta tuge gyaɗa ɗaya a bayan gida ta nuna min 'yan ƙulle-ƙullen saiwar tace nan ma gidansu ne suna jawo taki daga iska, shi yasa in ka shuka dawa bayan gyaɗa take yin kyau. Har ƙamshin nan da ƙasa takeyi ranar ruwan farko, tace wasu ne ake kira Streptomyces suke fitar dashi. Da ta faɗi wannan sai naga Baba a idona yana shinshina ƙasa a tafin hannu, jikina yayi sanyi, washegari da asuba na ɗauki buhu muka tafi.

Bayan wasu satittika ta kira ni in zo makarantarsu in gani, na sa kayan Juma'a na tafi. Ta nuna min yadda ta yi, ta dama ƙasar da ke manne a saiwar fayin a ruwa, kashi ɗaya ta ɗora a zafin digiri 80 na 'yan mintoci, tace a wannan zafin yawancin ƙwayoyi mutuwa suke amma dangin Bacillus suna da wata dabara, suna dunƙulewa su shiga wani ƙoƙo mai tauri suyi barci har wuya ta wuce, toh su ne suke saura. Ɗaya kashin ta shafa a wani faranti daban, ta kashe fitila ta kunna wata mai shuɗin haske sai naga ɗigo-ɗigo suna walƙiya kore-kore, tace waɗannan dangin Pseudomonas ne. Amma wanda ya tsaya min a rai faranti ne guda ɗaya, ta sa fumfunar da ta ciro daga wuyan dashena a tsakiya, ta ja layin bakteriya a gefe. Fumfunar ta bazu ko'ina fari fat kamar auduga, amma da ta doso layin nan sai ta tsaya cak, akwai fili tsakaninsu fes kamar an share da tsintsiya. Na daɗe riƙe da farantin nan. Abun da ya cinye min mashin, abun da Baba ya rayu ya mutu yana kiransa rabon ƙasa, gashi nan wani abu da ido baya gani ya tare shi, kuma daga cikin ƙasar da shi Baban yake ɗebowa aka ciro shi, yana ciki duk shekarun nan sai dai bashi da yawan da zai iya tare faɗan.

Yadda na fahimci aikinsu daga bakinta, in ka lulluɓe iri dasu tun kafin ya shiga ƙasa toh su suke fara kama wuri, da saiwa ta leƙo sun riga sun zauna a jikinta suna cin wannan zaƙin da take fitarwa, fumfuna in tazo ta tarar gida a cike ga kuma gubar da suke fesa mata. Su Pseudomonas har sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasa suke kamewa su hana fumfunar samu. Bayan haka wasunsu suna fitar da irin sinadarin da shi kansa tsiro yake amfani dashi wajen miƙa saiwa, sai kaga saiwar tayi rassa da gashi da yawa, wasu kuma suna narkar da sinadarin nan na takin supa wanda jar ƙasarmu take riƙewa gam ta hana shuka. Tace ba sabon ilimi bane, tun 1978 wasu masana biyu a Amurka, Kloepper da Schroth, suka raɗa wa irin waɗannan ƙwayoyin suna, kuma a Kanada an daɗe ana gwada su akan fayin nasu na can.

Da hunturu ya shigo muka shuka, don fayin yana son wata shida zuwa takwas a leda kafin damina ta zauna a kai shi daji. Wannan karon na canza komai, yashin rafi da ƙasar sama, babu toka babu ɗanyen taki, kuma na bar tsohon wurin na koma gefe. Mun jiƙa irin kwana ɗaya muka kwashe wanda ya taso sama don yawanci fanko ne. Ta kawo ruwan bakteriyan a kwalabe cikin kula da ƙanƙara, ruwa ne gurɓi-gurɓi kamar tsarin kunu, muka zuba irin ya sha na wasu awanni, sannan muka dama ƙaro kaɗan muka cakuɗa don su manne, ƙaron nan dai namu na dakwara da ake sa wa tawada, ashe shi ake sa wa garin inokulan ma, garin bakteriyan nan da ake shafa wa irin waken soya. Muka baza a inuwa ya sha iska muka shuka a ranar. Ta dage sai mun bar wasu layuka da irin da aka jiƙa a ruwa zalla, nace asarar iri ne tace Kawu in bamu bari ba ta yaya zamu san ba canjin ƙasar ne kaɗai yayi aiki ba? Gaskiyarta ne. Na shafa wa sandunan layin fenti kala-kala.

Daga kwana na bakwai na daina barcin kirki, da na idar da sallar asuba sai wurin reno da tocila. Layin Bacillus ne ya fara fasa ƙasa, kuma abun da ya burge ni tare suka fito kamar an kira su, su kuwa na ruwa zalla yau biyu gobe biyar har kusan sati uku. Da aka shiga matakin ashana faɗuwa tazo kamar yadda ta saba, ta taɓa layin ruwa zalla duk da bai kai na bara muni ba tunda na gyara ƙasa na rage ruwa, amma a layukan da aka shafa sai ɗaiɗai. Zan faɗi gaskiya don kar wani ya ɗauka maganin komai ne, cikin kwalaben da ta kawo akwai wanda bai nuna wani bambanci ba ko kaɗan, akwai ma wanda naga kamar ya danne tsiron. Akwai ragowar tsohon irin bara da ya kwana a ɗaki mai zafi, mun shafa mishi shima ko ɗaya bai fito ba, mataccen iri babu abun da zai tashe shi, irin fayin a bushe a cikin firij ake ajiye shi. Sannan wata rana an aiko min da kwalba a mota ta wuni a rana, wannan ma ruwa kawai na shafa. Abu ne mai rai, sai ka riƙe shi kamar mai rai.

Na ɗauka an gama, sai bayan kamar wata biyu naga wasu sun tsaya da girma ganyen ya koma ruwan ɗorawa. Cikin rawar jikin sabon abu ban barbaɗa ƙasar Baba a ledojin ba, tsoro nake kar in sake kwaso ciwo. Na kira ta hankali a tashe tace Kawu ai wannan aikin Kaka ne ba nawa ba. Farin zaren nan da ke cikin ƙasar shima dangin fumfuna ne amma na alheri, yana naɗe ƙananan saiwoyi kamar safa ya miƙa zarensa nesa yana jawo wa itacen ruwa da abinci shi kuma itacen yana bashi sukari, kuma fayin baya rayuwar kirki in babu shi. Ta bani labarin tsibirin Fotoriko da ke can yankin su Kuba, shekara da shekaru suna shuka fayin yana yin rawaya yana mutuwa, sai a 1955 da aka kawo ƙasa daga gindin fayin na jihar Karolina ta Arewa a Amurka aka zuba, sannan ya kama. Kunji fa, maraya da ƙasar gidansu, maganar da Baba ya faɗa min da fartanya a hannu. Tace wani masani a Faransa mai suna Garbaye ya rubuta a 1994 cewa akwai bakteriyan da aikinsu shine taimaka wa wannan zaren ya kama saiwa, wato su biyun tare suke tafiya. Na je na ɗebo ƙasar na barbaɗa a bakin kowace leda, tunda lokacin wuyansu yayi ƙwari sun wuce shekarun faɗuwa, cikin 'yan satittika kore ya dawo. Yanzu dabarar da nake yi ina barin wasu manyan dashe masu lafiya a tsakiyar jerin ledojin ina kiransu iyaye, daga jikinsu zaren yake bi ya kama ƙananan.

Da damina ta zauna muka kai su ƙauyen nan a bayan akori-kura, maza da mata da yara kowa da fartanya, na cika alƙawari Alhamdulillahi. Ba duka suka rayu ba, awaki sun ci nasu, gara ta ci nata, wata shekara wutar farauta ta lashe gefe guda. Kuma na faɗa wa dattawan garin, ina sake faɗa a nan, fayin baƙo ne, wurinsa irin wannan tudun da aka kashe wanda ba abun da yake son fitowa, ban yarda a sare ɗorawa ko kaɗanya ko maɗaci don a sa shi ba, a Afirka ta Kudu ma ya tsere daga gonaki ya zame musu matsala yana shanye ruwan tsaunuka. Shi yasa a ƙasan tudun inda ƙasa ta ɗan farfaɗo namu na gida muke sawa, kuma yanzu haka ina gwada shafa wa irin ɗorawa da maɗaci wannan ruwan in ga ko zasu karɓa.

Watan jiya na koma tudun, sun fi ni tsayi nesa ba kusa ba, iska tana wannan shuu ɗin a cikinsu. Na tsuguna na share ganyen da ya zube na kankara sama-sama, sai ga farin zare a jar ƙasar kuza inda da ko ciyawa bata fitowa. Na cika ɗan buhu don shukar bana, a hanya na biya ta gida gaida Inna, ta tambaye ni me na riƙo na buɗe mata. Ta sa hannu ta ɗebo ta kai hanci, tayi shiru can tace haka rigar babanku take ƙamshi in ya dawo daga daji. Ta ce in bar mata kaɗan a gwangwani, na zuba mata, sauran na wuce dashi wurin reno.